Mai Karatu a Gidan Taba

A masana'antar sigari ta Habana, hannu na naɗa taba, kunne na wajen mai karatu. In karatu ya yi daɗi, a buga wuƙa a kan katako. In wuƙaƙe suka yi shiru, mai karatu ya san inda dare ya yi masa.

Fulgencio sabon mai karatu ne, gwada shi ake yi. Ya hau kujera da wani tsohon littafi, labarin wani gida a gonar rake, inda uba ke kukan fatalwar 'yarsa ta hana shi sakat. A bakin uban, ita ce mai kunnen ƙashi, shi ne abin tausayi. Mata masu naɗin taba suka yi ta tsine wa yarinyar.

Tsoho Anacleto, wanda bai cire baƙin ƙyallen makoki daga hannun riga ba tun rasuwar tasa 'yar, ya fi kowa buga wuƙa.

"Sai ka tsaga katakon, Baba?" in ji Eduviges, maƙwabciyar teburinsa. "Ka bar mana na gobe mana."

Ran Litinin muryar labarin ta sauya. Yarinyar ce ke magana. Ta ce ita ba ta mutu ba. Wani ɗan dakon tashar jirgin ruwa ta bi, uban ya ga abin kunya ne, ya cika akwatin gawa da duwatsu, ya tara jama'a aka binne. Ta taɓa dawowa da goyo, ya leƙo, ya ja taga ya rufe.

Masu tsinuwar makon jiya su ne yau ke share hawaye da bayan hannu, kada ya ɗiga a kan ganye. Fulgencio kuwa ko shafi bai juya ba.

"Wannan uban ai gara kare," in ji Eduviges.

Wuƙaƙe suka ɗauka kamar ruwa a kan kwano. Aikin Fulgencio ya tabbata. Wuƙa ɗaya ce ba ta motsa ba.

Da aka tashi, Anacleto ya tare Fulgencio a bakin ƙofa.

"Yaro, wa ya rubuta wannan rabin?"

Fulgencio ya daɗe yana kallon baƙin ƙyallen.

"A bakin uban littafin ya ƙare, Kaka. Sauran daga bakin Mama, 'yarka, na ji, kuma ran Asabar muka binne ta. Wannan karon ba duwatsu ba ne a ciki."