Allon da Ya Daɗe Yana Kore

Ka ce aikinka duba na wasu ne, to saurari wannan. A wani babban asibiti akwai wata injiniya da aka damƙa wa kula da kwamfutocin gidan, tun daga na ɗakin magani har zuwa manyan da ke riƙe da sakamakon gwajin marasa lafiya. Tana da manhaja mai zagaya su kamar makiyayi cikin garke, tana tambayar kowace na'ura lafiyarta, ta nuna amsar a wani faffaɗan allo: kore in ƙalau, ja in da matsala. Allon nan ba ya rabo da ƙorafi. Yau ɓera ya ci waya, gobe wata na'ura ta yi zafi. Sai aka wayi gari ya koma kore shar, ya kuma zauna a haka. Abokan aikinta suka ce Allah ya kawo hutu. Ita kuwa abin ya tsaya mata a rai. Har aka yi ruwa da iska mai kayar da turakun lantarki, ko ɗigon ja bai fito ba. Ta ce a ranta, yaushe gida mai yawan jama'a haka zai kwana biyu ba wanda ya yi ko tari?

Don ta gane, sai ta sunkuya ta zare wayar kwamfutarta da hannunta, ta zuba wa allo ido. Kore. Nan take ta miƙe. Ta sauka ɗakin manyan na'urori, tana tura ƙofa zafi ya buge ta kamar bakin tanda. Na'urar sanyaya ɗakin ta mutu, kwamfutar da ke riƙe da sakamakon gwajin marasa lafiya kuwa tana ta gurnani, saura ƙiris ta ƙone. Ta wangale ƙofofi, ta sa aka kawo fankoki, aka kira mai gyara. Da hankalinta ya kwanta sai ta bincika dalilin shirun. Ashe kwamfutar da manhajar ke zaune a ciki ce ta cika maƙil da rahoton kurakuran sauran, har ta sandare tana nuna tsohon hoto. An umarci manhajar ta duba kowa a gidan, ba a taɓa cewa ta duba kanta ba. Injiniyar ta yi murmushi, ta ce, "Ke ma ashe kina bukatar mai tambayar lafiyarki." Ranar ta ajiye wata ƙaramar kwamfuta a gefe, ba ta da aiki sai sa ido a kan mai sa ido.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.