Kada Ka Ƙifta

"Ko ta daina, ko ki tafi da ita," in ji shugaban makaranta.

'Yata na tsaye a gefena, kafaɗarta na zabura, wani ɗan sauti yana kuɓuce mata daga maƙogwaro. Likita ya ce larurar Turet ce, ba da gangan take yi ba. Amma me likita ya sani? A nan kowa gwani ne. Malamin aji ya gano rashin kunya, mai gadi ya hango aljani.

"Hajiya, komai niyya ce," in ji shugaban. "In ta so, za ta iya."

"Gaskiyarka, ranka ya daɗe," na ce. "Nuna mata yadda ake yi. Kada ka ƙifta ido har in gama ɗaure mata takalmi."

Ya yi dariya, ya zaro ido. Na durƙusa, na ɗauki lokacina. Idanun mai niyya suka kaɗa, hawaye ya gangaro har gemu.

'Yata ta miƙa masa hankicinta.

"Malam, ƙifta abinka," ta ce. "Riƙewar ta fi ciwo. Ni na sani."