Sandar Baba

Hazim yana gaban kwamfuta yana goge ƙarar da ta ɓata masa waƙa, sai yayarsa Nirmin ta shigo da shayi.

"Babban makaɗin Iskandariya, har yanzu shara kake?"

"Sandar Baba ce, Yaya. Kamfani na jiran waƙar, ga bugunta ko'ina a ciki."

Waƙarsa ta farko ke nan da za ta fita, kiɗan tarans na na'ura da matasa ke rawa da shi a bakin teku. Bara ya naɗe ta a ɗakinsa, bayan shanyewar jiki ta hana mahaifinsu magana. Duk sanda ya kunna kiɗa, sai tsohon ya kama dukan bangon da ke tsakanin ɗakunansu da sanda. Hazim ya ji kunya, ya koma sauraro da abin sawa a kunne. Gidan ya yi tsit har Baba ya rasu.

Nirmin ta leƙa kwamfutar. "Me ya sa alamun bugun suka jeru haka kamar haƙoran mataji?"

Hazim ya ƙara girman hoton sautin. Kowane bugun sanda ya faɗa daidai kan bugun ganga. Inda kiɗan ya lafa, sandar ta jira. Inda ya dawo, tare suka dawo.

"Yaya," ya ce a hankali, "ashe taya ni yake yi."

Nirmin ta ajiye kofin. "Shi ya sa kullum yake nuna min bangon. Ni kuma sai in ce, kwantar da hankalinka Baba, ya daina."