Wataƙila Malam Yana Ji

"Sabon bincike ya nuna wasu masu irin ciwonsa suna jin komai," in ji likitar a asibitin Dutsin-Ma. "Hajiya, wataƙila Malam yana jin ku."

Da zai iya motsa ko fatar ido, da ya gode mata. Tun da hawan jini ya kayar da shi, hirar iyalinsa a gefen gado ce kaɗai duniyarsa: tsadar taki, gulmar maƙwabta, dariyar 'ya'yansa mata da bai taɓa ji ba yana lafiya.

Suka mayar da shi gida, Rawayau. Daga ranar, kowa ya shigo sai ya durƙusa ya gaishe shi, ya kama bakinsa. Hirar ta koma tsakar gida, inda kunnensa ba ya kaiwa.