Baƙo a Cikin Ƙwayar Sha'ir

Alamar da take nema ta fito a allon kwamfutarta daidai lokacin da shugaban sashensu na binciken iri ya leƙo.

"Sarauniyar taurin kai, an dace?"

Hunturu bayan hunturu ta yi tana tsefe bayanan ƙwayoyin halittar sha'ir, tana neman abin da ya hana sabon irinsu kamuwa da cutar burtuntuna. Abokan aiki sun yi mata dariya, sun tura teburinta lungun firji. Ko sau ɗaya ba ta sunkuyar da kai ba.

"Na gano ta, Farfesa. Tana cikin kowace ƙwaya."

"Madalla! To wannan ɗaure fuskar fa?"

"Alamar ba ta sha'ir ba ce, ta burtuntunar ce. Irin namu bai tsira ba. Cutar ce ta lafe a cikinsa, sai zangarniya ta fito za ta nuna kanta."

Murmushinsa ya ɗauke. "Kuskuren na'ura ne, yarinya. Goge."

"Ba zan goge ba."

Ta cikin taga, gonakin yankin Jutland da aka shuka da irin sun yi kore shar har bakin teku. Sha'ir ya fara fitar da zangarniya.