Hular Koci Maliki

Saura 'yan mintuna a tashi daga wasan ƙarshe, Koci Maliki ya sake danne hularsa hana-salla da tafin hannu, sai ka ce iska ce ke neman ƙwace masa ita. Babu ko ɗigon iska a filin. Zafi ne kawai, da ihun ɗalibai, da ci ɗaya mai ban haushi da yaransa na makarantar Kawo suka jefa tun kafin hutun rabin lokaci, suka koma suka cushe bakin raga.

Duk yaron da ya taɓa atisaye a hannunsa ya san dokar hular nan. Muddin tana kansa, a tare gida, a doka waje, a ci lokaci. In kuwa ya cire ta ya ɗaga sama, to wanda ya fi addabar su a cikin abokan karawa, a kwantar da shi. Alƙalin wasa yana jin abin da baki ya faɗa, amma ba ruwansa da hula. Sau biyu ya ɗaga ta a gasar bana, kuma duka biyun ya koma gida ya kasa cin tuwo.

Da can ba haka yake ba. Bara yaransa sun taka ledar da har direbobin tashar Kawo ke barin lodi su zo kallo, amma aka fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe. Washegari mai makarantar, Alhaji Tukur, ya kira shi ofis. "Malam Maliki, tafi ba ya kawo ɗalibai. Iyaye kofi suke son gani a allon talla. Bana ko kofi, ko ka nemi wani wurin." Mai iyali, ga furfura ta fara leƙowa, ina zai nufa? Sai ya haɗiye abin da yake so, ya koya wa yara abin da ake so.

Yau abokan karawarsu 'yan wata makaranta ce ta Unguwar Rimi, kuma duk masifarsu tana ƙafar mai lamba goma, Suhaib. Siririn yaro ne, ba ya hayaniya, amma in ya karɓi ƙwallo sai ka rantse da zare ya ɗaure ta. Maliki ya san irin yankansa tun kafin ya yi shi. Ya kuma san idon sawunsa na hagu bai gama warkewa ba, duk da safar da aka ja ta rufe bandejin. Bai faɗa wa yaransa ba. Tun ranar da aka san waɗanda za su haɗu a ƙarshe, ko a gidansa an daina zancen ƙwallo a kan abinci.

Alhaji Tukur ya baro rumfar manyan baƙi, ya tsaya a bayansa yana huci. "Yaron can zai kashe mu. Me kake jira?"

"Za mu riƙe, ranka ya daɗe."

"Ka dai san abin da muka yi da kai."

Labaran, ƙaton ɗan wasan baya na Kawo, sai waiwayen benci yake yi. Ba fuskar koci yake dubawa ba, kansa yake dubawa. Maliki ya ƙara danne hular. Ya riga ya yanke wa ransa tun da asuba cewa ko aikin zai tafi, yau ba za ta bar kansa ba. Tsoro dai yana ji.

Ana cikin haka ƙwallo ta faɗo wa Suhaib a tsakiyar fili. Ya yi kamar zai yi dama, ya zame hagu, na farko ya zauna a ƙasa. Na biyu ya taho da gudu, ya zura masa ita ta tsakanin ƙafafu. Na uku kuwa ya ɗaga masa ita ta saman kai, ya zagaya ya tarbe ta a ƙirji. Fili ya ɗauka gaba ɗaya, har 'yan Kawo suka miƙe.

Abin da ke cikin jini ba ya neman izini. Maliki bai san sanda ya daka tsalle ba, bai san sanda hannunsa ya kai kansa ba. Sai da ya ji rana a tsakar kansa, ya ɗaga ido ya ga hular tana rawa a sama cikin hannunsa.

Labaran ma ya gani.

Ƙarar dukan da ya kai wa ƙafar Suhaib ta kai har benci. Alƙali ya zaro wa Labaran jan kati, bugun tazarar ya wuce ta saman raga, usur ɗin tashi ya biyo baya. Alhaji Tukur ya buɗe hannu zai rungume kocinsa, ya tarar babu kowa a wurin.

Maliki yana durƙushe a kan Suhaib, wanda azaba ta sa ya sume, ƙafar hagun ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Ya kai hannu zai tallafo kansa. Kocin Unguwar Rimi ya hankaɗe shi gefe. "Matsa, mugu. Kowa ya ga sanda ka ba da alama. Kofin kake so, ga shi can, je ka ɗauka."

Wata malamar makarantarsu Suhaib, Malama Harira, ta zazzage jakar yaron ta ɗauko wayarsa. "A samo mota, ni bari in sanar da gidansu," ta ce. Ta lalubo inda aka rubuta Baba, ta danna, ta kara a kunne.

Sai wayar da ke aljihun Koci Maliki ta fara ƙara.