Takardar Alhaji Bunu

Shekara huɗu Fatihu ya yi a Fatakwal. Da ya dawo Haɗejia ya tarar an ɗaga jingar bakin kogi, ciyawar kacala ta cinye mashigin da suke wanka suna yara, shagon mai shayin tasha ya koma wurin cajin waya. A asibiti ma ɗakin gwajin jini kafin aure ya tashi daga bayan ɗakin magani ya dawo gaba, kuma yanzu sai an ɗauki hotonka, an duba katin shaidarka, kafin a ɗebi jininka. Ya daɗe yana kallon sanarwar da aka manna a ƙofar yana murza hannunsa na hagu.

Ƙanwarsa Nuriyya ce ta fi komai canzawa. Ya bar ta ana saura kwana uku ɗaurin aurenta da Alhaji Bunu, dillalin bandar kifi. Ya dawo ya same ta a ɗakin mahaifiyarsu, da cikin fari, wuya kamar sillen kara.

A wurin awon ciki aka gano tana ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki. Wata shida tana shan magani ba fashi, amma duk awon da aka yi ƙwayar cutar ba ta ragu ba. Dangin miji suka ce ai da ma da kayanta ta shigo, ko kuwa a waje ta kwaso. Hujjarsu ɗaya ce: takardar gwajin da Bunu ya miƙa wa waliyyinta, Kawu Kolo, kafin a ɗaura aure. Takardar ta ce jininsa ƙalau. Uwar Bunu, Hajiya 'Yar'azumi, ta sa an manne ta da roba, tana yawo da ita gidan suna da gidan biki. Shi kuwa Bunu ya ce an gwada shi sau ɗaya, ba zai sake ba.

Ranar Juma'a za a zauna a zauren Kawu Kolo. Za a saki Nuriyya, kuma Hajiya ta riga ta fara faɗa wa mutane cewa cikin ma ba na ɗanta ba ne.

Ranar Laraba Fatihu ya raka Nuriyya karɓar sakamakon jinin da aka aika Kano. Malama Safara'u, ma'aikaciyar ɗakin gwaji, ta juyo musu da takardar.

"Wannan ba irin gwajin akwai ko babu ba ne," in ji ta. "Rubutun halittar ƙwayar cutar aka karanta, harafi bayan harafi. Duk inda ta sauya don ta kauce wa wani magani, wurin yana fitowa. Ga su nan. Za mu canza miki magani, akwai wanda bai san ta ba, ita ma ba ta san shi ba."

Ta ɗora biro a kan layi na uku.

"Amma wannan sauyin, na wani tsohon magani ne da muka daina bayarwa tun kafin a yi miki aure."

"Ban taɓa shan sa ba," in ji Nuriyya.

"Na sani. A jikin wani ƙwayar ta koya. Wanda ya daɗe yana sha yana bari."

"Yaya, ka ji ko?" Nuriyya ta kama hannun rigarsa. Bai dube ta ba.

Malama Safara'u ta ce takardar ba ta ambaci sunan kowa ba, ita ma ba za ta ambata ba.

Fatihu bai koma gida ba, kasuwar kifi ya nufa. Ya sami Bunu a kan benci, yara na ɗaure kwalaye, hayaƙin banda ya cika rumfar.

"Tun yaushe kake shan magani, Alhaji?"

Bunu bai ko tashi ba. Ya ɓare kan tarwaɗa ya jefa a baki.

"Suruki, sannu da zuwa. An ce ka dawo da takalmi mai tsini."

"Ka kashe mini ƙanwa kana cin kifi."

"Takardata tana wurin Hajiya. Ta gaskiya ce, da hatimi da sa hannu." Ya tsotsi ƙaya ya tofar kusa da ƙafar Fatihu. "Kai ka fi kowa sanin ta gaskiya ce. In ka gaji da garin, motata tana lodi jibi. Ka san kujerar."

Mutanen rumfar suka yi dariya ba tare da sun san abin da suke yi wa ba. Fatihu ya dunƙule hannu, ya sake, ya juya.

Da hantsin Juma'a ya buɗe jakarsa a soro. Riga uku, caja, takalmin mai tsini. Mahaifiyarsa ta tsaya a bakin ƙofa ta ce gudu dai, gudu dai, ranar auren ba ya nan, ranar sakin ma ba zai tsaya ba. Ya ci gaba da ninke rigunansa. Ya san bayan Azahar ba Bunu kaɗai garin zai tofa wa yawu ba.

Ya jira ta wuce, ya ciro waya, ya nemo lambar Kawu Kolo, ya danna wurin ɗaukar murya.

"Kawu, ka saurari wannan a gaban kowa kafin a rubuta saki. A tilasta wa Alhaji sabon gwaji, da hoto. Wancan karon ce mini ya yi tsoron allura yake ji, ni kuma ina neman motar da za ta fitar da ni garin nan. Takardar ba ta yi ƙarya ba, jinin ƙalau yake. Sai dai a hannuna aka ɗebe shi."